Ƙasa baƙa wuluk, cike da naitirojin, amma shuka na yunwa a kanta: wa zai warware min?

Ɗalibin_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya ɗaure min kai a darasin kimiyyar ƙasa. An ce mana manyan dausayoyin ƙasashen sanyi, irin na Saberiya, Kanada, Finlan da Sikotland, a lulluɓe suke da ƙasar da ake kira fit, wato tarin ragowar ciyayi da ya yi dubban shekaru cikin ruwa bai gama ruɓewa ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2020 ya ce kabon da ke jibge a cikinsu ya kai tan biliyan 415, naitirojin kuma tan biliyan 10. Mu nan abin da muke nema ido rufe ke nan, don gonakinmu da yawa kabon ɗinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuɗin yuriya kuma kowa ya san yadda yake. Amma sai aka ce dausayin fit yana cikin wuraren da suka fi ko'ina talaucin abincin shuka. Ta yaya ƙasar da kusan dukkanta taki ce za ta zama matalauciya?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ni dai a sanina baƙar ƙasa ita ce ƙasa. Ka koma ka tambayi malamin naku, wataƙila ba ka ji shi da kyau ba.

Malam_Mai_Awo:
Ya ji shi daidai, Baban Khalifa. Ɗalibi, amsar tana cikin alkaluman da ka kawo da kanka. Raba 415 da 10, za ka samu wajen 40. Ma'ana duk kashi 1 na naitirojin yana tare da kashi 40 na kabon, kuma wannan matsakaici ne. A dausayin da ruwan sama kaɗai ke shayar da shi, lissafin yakan wuce haka nesa. Ƙasar gona ta yau da kullum kuwa 10 ne zuwa 12.

Shuka ba ta cin naitirojin da ke ɗaure a jikin mataccen ganye. Sai ƙananan halittun ƙasa, bakteriya da su funfuna, sun cinye ganyen sun sako shi tukuna. Su ma kuma suna da nasu cikin. In abin da suke ci ya haura kashi 25 zuwa 30 na kabon a kan kashi 1 na naitirojin, ba sa sakin komai, sai ma su wawashe ɗan wanda ke yawo a ƙasa su gina jikinsu da shi. Rumbu ne cike da hatsi, amma a kulle.

Manomin_Kadawa:
Malam, yanzu ka zo inda nake ganewa. Duk wanda ya taɓa ganin an zuba ɗanyar dusar katako ko ɓuntun shinkafa a gona an shuka masara nan take ya san wannan. Mako kaɗan ganye zai koma ruwan ɗorawa, daga na ƙasa ya hau sama, masara ta tsaya cak. Mutane sai su ce dusar ce ke da zafi ta ƙone shuka. Ashe ba zafi ba ne, rabon abinci ne aka fi ta ƙarfi. Shi ya sa tsofaffi ke barin ta ta kwana a turke dabba ta yi fitsari a kai, ko a cakuɗa da kashin kaji ta shekara.

Malam_Mai_Awo:
Shi ke nan, Alhaji. Sai dai a gonarka cikin 'yan watanni dusar za ta ruɓe naitirojin ya dawo. A dausayin can ruɓewar ce ba ta ƙarewa, saboda abu uku sun haɗu: ruwa ya cika ƙasa babu iska, ga sanyi, ga tsami.

Bahaushen_Oulu:
Bari in sa baki, tunda a cikin abin nake zaune. Kusan kashi ɗaya bisa uku na Finlan dausayi ne ko tsohon dausayi. In ka je irin wanda ba a taɓa ba, kan katako ake tafiya, don in ka sauka ƙasa tana lotsawa ruwa ya cika maka takalmi. Abin da ya shimfiɗe ko'ina wata gansakuka ce mai suna sifagnam, wata koriya wata ja. Ka damƙo ta ka matse, ruwa zai yi ta zuba, don tana iya riƙe ruwan da ya ninka busasshen nauyinta har sau 20. Samanta na tsirowa, ƙasanta na mutuwa, a haka fit ke taruwa, wajen milimita 1 a shekara. Mita ɗaya shekara dubu ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki bishiyoyin wurin. Za ka ga bishiyar fain iya kafaɗarka, siririya, karkatacciya, a ce maka ta girme ka. 'Yar'uwarta da ke kan tudu can gefe ta yi tsawon bene. In kuma ka tsuguna ka duba cikin gansakukar, akwai wani ɗan tsiro mai ganye ƙanana, gefen ganyen da jajayen gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa mai danƙo a bakinsa. Ƙaramin ƙwaro ya sauka ya maƙale, gashin ya lanƙwaso a hankali ya rufe shi, tsiron ya narkar da shi ya sha. Naitirojin yake nema. Shukar da ke tsaye a kan mita huɗu na taki amma sai ta farauci ƙuda, ai ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah. Shuka mai cin ƙwaro! Yaya na Oulu, ka turo mana hoto don Allah, yarana ba za su yarda ba.

Gwanin_Musu:
Ni ban gamsu ba. In sanyi ne da ruwa, ai akwai tafkuna a can su ma, kuma ganye na ruɓewa a cikinsu. Me ya sa nan ne kawai abu ba ya ruɓewa?

Dakta_Rabi:
Tambayarka tana kan hanya, Gwani. Ita gansakukar ba zaune kawai take ba, ita ke gyara wurin ya dace da ita. Tana zuƙe ɗan sinadarin da ruwan sama ya kawo, ta sako abin da ke ƙara wa ruwan tsami, har ma'aunin tsami na pH ya sauka wajen 4 ko ƙasa da haka, wato tsami mai ƙarfi. Naitirojin da ya faɗo daga sama ita ke fara cafke shi kafin ya kai ga saiwar kowa. Jikinta kuma yana da wuyar ruɓewa. A 2001 Chris Freeman na Jami'ar Bangor da abokan aikinsa suka nuna wani abu: akwai sinadarai masu suna finol da ke taruwa a cikin fit suna hana ruɓewa, kuma enzayim ɗin da ke rusa su, wato sinadarin da ƙananan halittu ke fitarwa, ba ya aiki sai da iskar oksijin. Muddin ruwa ya rufe ƙasa, finol na nan, komai a tsaye. Ran da aka janye ruwa iska ta shiga, finol ya rushe, sauran masu ruɓar da abu su samu hanya.

Sai dai in ƙara wani abu a kan bayanin Malam Mai Awo. Dausayin fit iri biyu ne. Akwai wanda ruwan sama kaɗai yake sha, shi ne matalaucin da ake ta magana. Akwai kuma wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ko na rafi ke ratsawa yana kawo masa ma'adinai. Wannan tsaminsa kaɗan ne, ciyawa da jema-jema ke fitowa a kansa, naitirojin ɗinsa ya fi yawa. Kada Ɗalibi ya je jarrabawa ya haɗa su wuri guda.

Ɗan_Damagaram:
Na taɓa karanta labarin gawar da aka tono a irin wannan wuri a Denmak. Gaskiya ne ko tatsuniya?

Dakta_Rabi:
Gaskiya ne. A 1950 masu yankan fit don girki suka ci karo da shi kusa da garin Silkeborg, ana kiran sa mutumin Tollund. Fuskarsa lafiya lau, har da tsiron gemu, da hular fata a kansa da igiya a wuya. Sai suka kira 'yan sanda, a zatonsu kisa ne na kwanan nan. Ashe ya kai shekara 2,400 a kwance.

Baban_Khalifa:
Subhanallah. To na janye maganar komawa wurin malami. Amma ku tsaya. In ruwa ne matsalar, a haƙa magudana a janye shi mana, a yi noma. Turawa da injinansu wannan zai gagare su?

Ɗan_Fagge_a_Ingila:
Ai sun yi, Baba, tun ɗaruruwan shekaru. Yankin da ake kira Fens a gabashin Ingila tsohon dausayi ne da aka janye wa ruwa, yau kuma yana cikin wuraren da suka fi albarkar kayan lambu a ƙasar: dankali, albasa, latas, karas. Ƙasa baƙa, lallausa, babu dutse. In ka gan ta sai ka ce ina ma a kwasa a kai Kura.

Amma akwai wani ginshiƙin ƙarfe a wani wuri da ake kira Holme Fen. A 1851 aka kafa shi cikin fit har kansa ya yi daidai da doron ƙasa. Yau wajen mita 4 na ginshiƙin ya fito waje. Ƙarfen bai motsa ba, ƙasar ce ta tafi. Wani ɓangare ta matse da ruwa ya fita, wani iska ta kwashe in ta bushe, mafi yawa kuma ƙananan halittun nan ne suka cinye ta ta koma iskar kabon ta tashi sama. Albarkar da manomi ke gani naitirojin ne da ke fitowa yayin da ƙasar kanta ke ƙarewa. A gonaki da yawa na yankin baƙar ƙasar ta riga ta ƙare, an isa laka.

Gwanin_Musu:
To me ye laifi? Mutane sun ci abinci shekara ɗari da hamsin. Mu da ake ce mana kada mu sare itace, su sun cinye ƙasa sukutum.

Injiniya_Hamburg:
Gwani, a wannan ba za mu yi musu ba. Nan Jamus fiye da kashi 90 cikin 100 na dausayin fit an janye masa ruwa, kuma waɗannan filaye kaɗai suna fitar da wajen kashi 7 cikin 100 na iskar ɗumamar yanayi ta ƙasar baki ɗaya. A duniya, dausayin da aka busar bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma yana fitar da wajen kashi 4 zuwa 5 na abin da ɗan Adam ke fitarwa. Ba kabon kaɗai ba. In naitirojin ya sako da yawa fiye da abin da shuka za ta ci, wani ya bi ruwa ya shiga kogi, wani ya tashi a matsayin iskar naitiros oksaid, wadda ƙarfin ɗumamarta ya ninka na kabon dayoksaid sau 273 a lissafin shekara ɗari. A Holan kuma, garin Gouda da makiyayan da ke kewaye da shi kullum ƙara nutsewa suke.

Bahaushen_Oulu:
Baban Khalifa, kada ka ɗauka duk inda aka janye ruwa sai albarka irin ta Ingila. Wancan nau'i na biyu ne da Dakta ta ambata. Finlan ta haƙa magudanai a fiye da rabin dausayinta, akasari a shekarun 1960 da 1970, don bishiyoyin katako su girma. Inda ƙasar ke da ɗan ƙarfi an samu daji. Inda matalaucin dausayi ne, an yi asarar kuɗin haƙa kawai, bishiyar ba ta yi ba, dausayin kuma ya lalace. Ko inda naitirojin ya wadata, fit ba shi da isasshen fosfaros da fotashiyam, shi ya sa ake watsa masa tokar itace. Masu noma a kansa kuma sai sun zuba farar ƙasa ta kashe tsami, su ƙara da sinadarin tagulla, in ba haka ba hatsi ya yi kai babu ƙwaya.

Hajiya_Mai_Lambu:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Muna renon irin tumatir da tattasai a faranti, kuma akwai wata baƙar ƙasa marar nauyi da ake shigo da ita a buhu daga Turai, tsada kamar me. Ita ce wannan fit ɗin? In ita ce, ya aka yi iri ke yin kyau a cikinta in babu abinci?

Malam_Mai_Awo:
Ita ce, Hajiya, ko kuma ta ɓawon kwakwa, wadda ita daban ce duk da sunan da 'yan kasuwa ke kiran su ya yi kama. Ba don abinci ake sayen ta ba. Tana riƙe ruwa, tana barin iska ta kai ga saiwa, babu irin ciyawa, cuta kaɗan. Kamfani ne ke zuba mata farar ƙasa da ɗan taki kafin a ɗura a buhu. Ki lura, in iri ya yi 'yan makonni ba ki ba shi taki ba, zai fara ɗashewa.

Hajiya_Mai_Lambu:
Wallahi haka ake yi. Mu muna cewa buhun ne ya kwana biyu.

Ɗalibin_Samaru:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Saura ɗaya. In ƙarancin naitirojin ne ke hana tsiro a dausayin, ashe in an ƙara masa, tsirrai za su girma su zuƙe kabon da yawa, tarin ya ƙaru. Ba riba ba ce ga yanayi?

Dakta_Rabi:
Masana da yawa sun yi wannan zaton, ƙanena, har aka gwada. A dausayin Mer Bleue kusa da Ottawa a Kanada ana zuba taki a wasu filaye tun 2000. A dausayin Whim, kudu da Edinbara a Sikotland, tun 2002 ake fesa naitirojin iri-iri. Abin da aka gani: in kaɗan ne, gansakuka na shanyewa. In ya wuce ƙarfinta, sai ya zarce zuwa saiwar ƙananan itatuwa da ciyawa, su yi tsawo su yi mata inuwa, ganyensu ya zubo ya binne ta, ta mutu. Su kuma ganyensu saurin ruɓewa gare shi. Sama ka ga kore shar, amma ajiyar da ke ƙasa ba ta ƙaruwa yadda take yi da. A Whim iskar amoniya ce ta fi yin ɓarna cikin sauri. Abin da masana Turai suka tsayar shi ne irin wannan dausayi ba ya jure fiye da kilo 5 zuwa 10 na naitirojin a hekta a shekara.

Manomin_Kadawa:
Kilo 10 a hekta? Buhun yuriya ɗaya mai kilo 50 ai naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne. Wato rabin buhu a hekta guda ya isa ya kashe wuri. Mu masara ko gaisuwa ba za ta amsa da wannan ba.

Injiniya_Hamburg:
Kuma ba sai an zuba da hannu ba, Alhaji. Daga sama yake sauka, daga hayaƙin motoci da amoniyar da ke tashi daga gidajen kiwo. Rikicin manoman Holan da kuka gani da taraktoci a kan titi, tushensa ke nan. A 2019 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta ce tsarin gwamnati na ba da izinin ayyukan da ke fitar da naitirojin ya saɓa wa dokar kare muhalli. Ɗaya daga wuraren da ake magana a kansu ragowar dausayin Peel ne, wanda gidajen kiwo suka kewaye.

Gwanin_Musu:
Ni a ganina duk wannan na naitirojin ƙaramin abu ne. Nawa ne girman Holan? Mafi yawan dausayin ai a Saberiya da gefen Tekun Hudson yake, inda babu gidan kaji ko ɗaya. Zafi ne zai yi maganinsu, ba taki ba.

Dakta_Rabi:
A nan kana da hujja. Kusan rabin dausayin arewacin duniya a kan daskararriyar ƙasa yake, kuma tana narkewa, ana ganin haka ƙarara a Stordalen kusa da Abisko a arewacin Siwidin. A jihar Minnesota ta Amurka an yi wani gwaji mai suna SPRUCE, inda aka kewaye sassan dausayi da manyan rumfuna aka ɗumama su har zuwa ƙarin digiri 9. Gansakuka ta ja baya sosai a masu zafin, wurin ya koma fitar da kabon maimakon ajiyewa. Amma ba na raba su biyu yadda ka raba. Zafi na hanzarta ruɓewa, ruɓewa na sako naitirojin ɗin da ke ɗaure, shi kuma ya ciyar da itatuwan da ke kashe gansakuka. Takin yana zuwa ne daga ƙasa maimakon sama.

Gwanin_Musu:
To ai zafin ne dai ya fara. Maganata ta tsaya.

Ɗan_Nguru:
Ku bar Gwani da musunsa. Ni abin da nake so in sani, dausayinmu na Haɗeja da Nguru fa? Akwai wannan fit ɗin a ciki? Don mu ma ruwa na kwanciya wata da watanni.

Malam_Mai_Awo:
Ba irin wancan ba, ɗan'uwa. Fit na bukatar ruwa ya rufe ƙasa shekara da shekaru ba yankewa. Fadamarmu rani na zuwa ta bushe ta tsage, ga zafi, ga gara, ga dabbobi, ga wuta. Abin da damina ta tara, rani ya cinye. Amma zafi kaɗai ba ya hanawa. A 2017 aka bayyana girman wanda ke tsakiyar dajin Kwango, mai ɗauke da kabon wajen tan biliyan 30. Can ruwa ba ya janyewa.

Injiniya_Hamburg:
Ɗan Nguru, ga abin da zai ba ka dariya. Yanzu a nan ana toshe magudanai ana mayar wa wasu gonaki ruwa, masana na Jami'ar Greifswald ne kan gaba a wannan. Tambayar manomi ita ce me zai noma a cikin ruwa. Ɗaya daga abin da ake gwadawa kacalla ce. Ana shuka ta da gangan, a yanka a yi allunan da ake sa wa bango don tare sanyi. Tana kuma zuƙe ragowar takin da ya taru a tsohuwar gona.

Ɗan_Nguru:
Kacalla?! Wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogi, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama gidan jan-baki? Su zo da jirgi su kwasa, kyauta, mu ma mu taya su lodi.

Uwar_Biyu:
Ni har yanzu hoton shuka mai cin ƙuda nake jira.

Baban_Khalifa:
Injiniya, wani abu bai zauna min ba. Na ji an ce wuri mai ruwa yana fitar da iskar metan, irin ta gonar shinkafa, kuma ta fi kabon ƙarfi. In an mayar da ruwa, ba an gudu daga wata matsala an faɗa wata ba?

Injiniya_Hamburg:
Tana fita, Baba, musamman shekarun farko in ruwa ya rufe ɗanyar ciyawa. Masu goyon baya suna cewa metan shekara 12 ne wajen zamanta a sama, kabon dayoksaid kuwa ɗaruruwan shekaru, kuma busasshen fit kullum cikin fitar da shi yake har ya ƙare. Dabarar ita ce a tsayar da ruwa daidai doron ƙasa, kada ya zama tafki. Matsalar da ta fi wannan ita ce gonar da ta sha taki shekara hamsin. Saman ƙasarta ya riga ya ruɓe, lissafin kabon da naitirojin ɗinsa ya sauko kusa da na ƙasar gona, ga fosfaros jibge. Ka mayar da ruwa, gansakuka ba za ta dawo ba, sai kacalla da ire-irenta. A wasu wurare sai an kankare saman ƙasar da katafila tukuna, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Manomin_Kadawa:
Wannan saman da suke kankarewa, ina suke kai shi? Tambaya nake da gaske.

Gwanin_Musu:
Kuma wa zai biya mai shanun da aka mayar wa makiyaya ruwa? Injiniya, ka amsa wannan kafin ka amsa ta Alhaji.